Achar Gwaggo Saratu

Bana ruwa ya sauka da wuri. Mutane suka yi murna, suka zuba iri, sai kuma ya ɗauke. Yau kwana goma sha tara ke nan ko ɗigo. Masarar da matata ta shuka a bayan gida ta kai gwiwa, amma da rana ta ɗaga sai ganyenta ya nannaɗe kamar an murza shi. Da yamma hadari kan taso ta wajen duwatsun Kagoro, ya yi baƙi ƙirin, iska ta buga ƙofofi, mata su kwashe shanya a guje, sannan ya watse bai jiƙa ko rufin kwano ba. Ya taɓa yi mana irin wannan yaudarar shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, kuma a waccan shekarar ce na yi tafiyar keke da har yau ban gama jin kunyarta ba.

Ina da shekara ashirin da ɗaya a lokacin. Na gama jarrabawar ƙarshe a kwalejin horon malamai, ina zaune gida ina jiran a tura ni makaranta. Babana leburan reluwe ne, cikin masu gyaran layin dogo, muna zaune a barikin ma'aikata a nan Kafanchan. Mu ba masu hali ba ne, amma gidan mai albashi ba ya jin fari yadda gidan manomi yake jin sa. In dawa ta yi tsada, Mama ta sayo garin rogon da jirgi yake kawowa daga kudu. Mun san ruwa ya ɗauke, tun da rijiyar bariki ta ja baya, kuma kowace Lahadi ana addu'ar ruwa a majami'a. Iyakar saninmu ke nan.

Abokina Emeka ne ya kawo maganar tafiyar. Ɗakinsu yana jikin namu, babansa makanikin injin jirgi ne. A Kafanchan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya zana hanya a bayan tsohuwar kalanda: mu bi ta Fadan Kagoma, mu sauka daga babbar hanya, mu ratsa ƙauyuka ta cikin kurmi har Kachia, mu dawo. Kwana biyar.

Mama ta ce, "Ciniki za ku je?"

Na ce a'a.

"Biki ne? Ko gaisuwar mutuwa?"

"Yawo ne kawai, Mama. Mu ga ƙasa."

Ta dube ni, ta dubi Emeka, ta ci gaba da tsintar wakenta. Baba ne ya ba ni kekensa, bisa sharaɗi ɗaya: in biya ƙauyenmu in gaida yayarsa, Gwaggo Saratu, wadda rabonsa da ita tun Kirsimeti. Ya ba ni sandar sabulu in kai mata. Mama ta haɗa da sabon kallabi mai ruwan goro. Muka ɗaura jakunkuna a kariya, da famfo, da kayan faci, da burodi biyu, muka fita ran Litinin da sassafe.

Wanda ya san hanyar nan yanzu ba zai gane ta ba. Yau babura ne ke zarya a kanta, an sare rabin itatuwan an yi gawayi, kuma ba mai hankalin da zai shiga dajin nan don yawo kawai. A lokacin, da ka bar babbar hanya sai 'yar siririyar jar turba, ɗorawa da kaɗanya da maɗaci sun haɗe kai a samanka. A kwari kuma kwakwar manja da tukurwa. Zafi yana dukan ƙeya, gumi yana bin gashin ido, gyare yana ta kuka, amma in ka saki feda a gangara iska takan cika maka riga. Rafukan da muka tarar duk sun koma yashi, sai ɗan ruwa kore a lungu. Mukan sauka mu tura keke.

Abin da ya fi burge mu shi ne shiru. Emeka ya tsaya a tsakiyar wani ƙauye, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ce, "Danladi, ka ji? Ba ko motsi. A bariki ko minti ɗaya ba ka samun wannan."

Gidaje suna bayan shingen ƙerana. Mutane suna zaune gindin mangwaro da hantsi, lokacin da ya kamata a ce suna gona. Muka ce hutawa suke yi. Muna kaɗa ƙararrawa, yara su ɗaga kai su bi mu da ido, ba wanda ya tashi ya bi keke da gudu. A wani rafi mun ga kwanduna a nutse cikin ɗan ruwan da ya saura, an danne su da duwatsu. Emeka ya ce tarkon kifi ne, na ce haka ne. A ƙauyen da ke gindin wani babban dutse, wani tsoho mai saƙar kwando ya ba mu ruwa a ƙwarya. Muka gode, muka matsa gaba kaɗan, muka zauna inda yake iya hango mu, muka cinye burodi guda.

La'asar sakaliya muka isa ƙauyenmu.

Gwaggo Saratu ta riƙe ni shekara biyu ina ƙarami, lokacin da Mama ta yi doguwar jinya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. A gidan akwai ita, da surukarta Rifkatu, da 'yan matan Rifkatu biyu ƙanana. Mijin Rifkatu ya tafi Kaduna neman aikin lebura tun da ruwa ya ɗauke. Da Gwaggo ta gan ni sai ta tashi ta taka 'yar rawa, tana kiran sunana da yarenmu. Na lura zanenta ya zagaye ta fiye da yadda na sani, na ce tsufa ne. Ta karɓi sabulun ta sunsuna, ta shafa kallabin a kumatu, ta sa wa Baba da Mama albarka. Da Emeka kuwa Hausa ta yi, irin tata ta kasuwa da majami'a.

"Ɗan reluwe, sannu da rana. Mamanka yana lafiya?"

"Tana lafiya, Mama. Yaya ruwa?"

"Muna jiran Ubangiji."

Ta kira Rifkatu cikin ɗaki. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa, muryar Rifkatu tana hawa, ta Gwaggo tana danne ta. Can Rifkatu ta fito da wani ƙaramin tulu a kwankwaso, ta fasa lakar da aka liƙe bakinsa da ita, ba ta dubi kowa ba. Ta zuba a turmi ta fara surfe. Tabaryarta ce kaɗai take ƙara a duk ƙauyen. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta saman shinge. Na ɗauka kekunanmu suke kallo, har na tashi na goge nawa da tsumma.

Tuwon acha ta yi mana, da miyar karkashi da ɗan manja. Wanda bai ci tuwon acha bayan ya wuni a kan sirdi ba, bai san abin da nake nufi ba. Laushi, zafi, yana wucewa ba ka sani ba. Emeka ya ce bai taɓa cin irinsa ba.

Gwaggo ta ce, "Ci, ɗana. Akwai."

Na ce, "Ke fa, Gwaggo?"

"Na ci tun da rana."

Yaran suka ja tukunya zuwa bayan madafa, na ji ƙarar cokali yana kankare ƙanzo. Na yi dariya, na ce yara ba sa canzawa.

Da niyyar kwana ɗaya muka zo, amma tayar bayan Emeka ta sace, kuma ya ga dutsen da ke bayan ƙauye yana so ya hau. Gwaggo ta ce ina saurin me. Muka ƙara kwana. Da safe paten acha da yakuwa. Muna ci Rifkatu ta dawo daga rafi da tulun ruwa, ta sauke, ta ɗauki kwando ta sake fita. Da rana na ga ta baza wasu fararen yanka-yanka a kan tabarma a bayan ɗaki, na nufi wurin, Gwaggo ta kira ni in zo in ba ta labarin kwaleji. Mu muka hau dutse, muka hangi ƙasa har iyakar ido, gonaki ja-ja-ja ba kore, Emeka yana ta cewa da ma yana da kyamara. Da yamma tabarya ta sake tashi. Tuwo kuma.

Ran Laraba da hantsi ruwa ya zo.

Ba hadarin yaudara ba ne wannan karon. Iska ta tsaya cik, tsuntsaye suka yi shiru, sai muka ji shi yana tahowa ta cikin kurmi kamar jirgin kaya. Ɗigon farko da ya faɗi a tsakar gida ya tayar da ƙura. Ƙanshin ƙasa ya shiga hanci har maƙogwaro. Ya yi ta zuba har azahar, rufin ciyawa yana tsiyaya, kwaɗin da ba a san inda suke ba suka ɓarke da kuka. Wani ya je ya buga guntun ƙarfen dogon da ke rataye a mangwaron majami'a a matsayin ƙararrawa. Kafin ruwan ya gama tsagaitawa mutane sun fito, maza da garma a kafaɗa, mata da 'yan ƙorai a rufe da tsumma. Gayya suka shirya, gona bayan gona, don ƙasa ba za ta jira ba. Maza su kafce, mata su yafa acha, a ja reshe a rufe, a wuce gaba. Mutanen da muka gani zube gindin itace, ga su suna tafiya har da waƙa.

Jinina ya motsa. Na naɗe ƙafar wando na ce, "Gwaggo, ba mu fartanya. Yau 'yan bariki za su yi noma."

Tana zaune a kan turmin da aka kife. Ta ce, "Ku baƙi ne. Ku huta."

"Wane baƙo? Yaushe gayya za ta zo gonarki?"

"Jibi."

"To ina iri? A fito da shi ya sha iska."

Rifkatu tana tsaye a ƙofar madafa, hannunta a naɗe. Ta shiga ta ɗauko tulun nan, ta zo gabana ta ce, "Malam, tara hannu."

Na tara. Ta kife tulun, ta bubbuga gindinsa. Abin da ya zubo bai cika tafin hannuna biyu ba.

Na ce, "Sauran fa?"

"Yana cikinku."

Gwaggo ta ce, "Rifkatu, bakinki."

Amma bakin ya riga ya buɗe. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce shukar farko ta tsiro ta ƙone. Rumbu ya ƙare tun kafin Ista. An sayar da awaki, an sayar da alade. Wannan tulun mudu uku ne, shi aka liƙe aka ce ko mutuwa za a yi ba za a taɓa ba sai ruwa ya dawo. Sati uku ke nan ganyen rama da tafasa suke ci, da garin ɗorawa, da doyar daji mai ɗaci, wadda sai an yanka an jiƙa ta kwana uku a rafi kafin gubarta ta fita. Ita ce na gani a tabarma. Ƙanzon da yaran suka kankare shi ne hatsi na farko da ya shiga bakinsu tun farkon wata.

Ina tsaye da acha a hannu, na kasa rufe hannun, na kasa buɗe shi. Ruwa yana ɗiga daga rufi a wuyana. Emeka ya zauna a ƙasa, cikin taɓo, da wandonsa mai kyau. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Sau uku na ƙara. Jiya sau uku."

Na durƙusa gaban Gwaggo. "Me ya sa? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta amsa da yarenmu, don kada Emeka ya ji. "Ɗan ƙanena ya zo mini da baƙo, ɗan mutanen nesa. In sa masa doyar daji a gaba? Ya koma ya ce me?" Ta gyara ɗaurin zanenta. "Kuma ka ji ni da kyau. In maganar nan ta kai kunnen babanka, ban yafe maka ba. Yana da nasa bakunan."

Na tambayi Rifkatu ko za a samu saye. Ta ce kasuwa sai Asabar, kuma wa zai kai iri kasuwa ranar da ruwa ya sauka? Na ce maƙwabta fa? Ta ce kowa abin da ke ƙwaryarsa bai kai rabin gonarsa ba.

Emeka ya tashi, ya share taɓon wandonsa da hannu ya ƙara ɓata shi. Ya ce, "Muna da keke."

Rifkatu ta dube shi. Ta shiga ɗaki, ta fito da sabon kallabin nan ta miƙa mini. "Ku ƙulle a nan. Buhu yana da huji, acha ba ta zama." Gwaggo tana kiranmu muka fita.

Hanyar da muka bi shekaranjiya muka koma, amma ba ita ba ce. Jar ƙasa ta zama laka, tana cushewa tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi motsi, sai mu sauka mu ƙwaƙule da tsinke. Rafukan yashi sun kawo ruwa ja har cinya, muka riƙa saɓa kekuna a kafaɗa. Kuma yanzu idona ya buɗe. Rumbuna a buɗe, an sauke hulunansu an jingine. Garken awaki ba kashi sabo. Ba kaza. Ba hayaƙi a madafai. Shirun nan da muka tsaya muna yabawa, ashe turame ne suka daina aiki. Kwandunan rafi ba na kifi ba ne, doyar daji ce aka jiƙa. A bayan wata majami'a mai rufin ciyawa na ga tudun ƙasa biyu, gajeru, ruwa ya fara zaizaye su. Shekaranjiya ma suna nan, ta gefensu muka wuce muna waƙa. Na duba Emeka, na ga shi ma ya gani.

A gidan farko na tsaya na yi dogon bayani kamar mai karanta wasiƙa. Na ce akwai wata gwauruwa da ba ta da iri. Matar gidan ta ce, "Duk mu ne gwauruwar," ta juya. Gida na biyu haka. Na uku ma ba a fito ba.

Rana ta yi ƙasa muka iso ƙauyen gindin dutse. Tsohon da ya ba mu ruwa yana wanke garmarsa. Ya ce, "Masu burodi. Kun dawo?"

Kunya ta hana ni tsara magana. Na ce, "Baba, irin acha muke nema. Na gwaggona ne. Ta dafa mana, ni da abokina muka cinye. Ba mu sani ba."

Ya ajiye garmar. "Kuka cinye iri."

"I, Baba."

"Mudu nawa?"

"Uku."

Ya dubi cikina, ya dubi na Emeka. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, marar sauti, ta mutumin da ba shi da ƙarfin yin ta. Ya kira matarsa ya faɗa mata da yarensu, ita ma ta riƙe baki. Ya tambayi sunan gwaggon, na faɗa.

"Saratu ta zumuntar mata? Mai bakin waƙa?" Dariyar ta tsaya. "Za ta aikata."

Matar ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da hannu a dunƙule, ta buɗe shi a kan kallabin, ta kakkaɓe 'yan ƙwayoyin da suka maƙale tsakanin yatsunta. Tsohon ya ce, "Kada ku roƙi mudu, ba mai shi. Ku ce hannu ɗaya. Kuma kada ka ce gwauruwa. Ka faɗa yadda ka faɗa mini."

Haka muka yi, yammacin nan da washegari gaba ɗaya. Muka bar hanyar kalandar Emeka, muka bi duk turbar da aka nuna mana. A gona muke samun mutane. In tsaya a bakin kunya, in cire hula, in ce ni ne ɗan makarantar da ya cinye irin gwaggonsa. Sai garma ta tsaya. Wani ya maimaita wa na nesa. Mutanen da ƙashin wuyansu ya fito su yi ta dariya har su dafa gwiwa, sannan wata ta kwance bakin ƙwaryarta. Ba kowa ba. Wata mata ta zage mu tas, ta ce 'yan birni ba su bar musu komai ba sai sun biyo su har tukunya, kuma ban ga laifinta ba. Wani ya ce sai mun kafce masa layi biyu tukuna, muka kafce, hannun Emeka ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Wata tsohuwa da ba ta da ko ɗaya ta bi mu har bakin hanya tana ba mu haƙuri, kamar ita ta yi laifi. Kafin azahar labari ya riga mu gaba. Muna isa wani ƙauye aka ce, "Ga masu cin iri nan."

A majami'ar wani mai bishara muka kwana. Duk inda aka ce mu tsaya a dafa mana wani abu, mukan ce mun ƙoshi. Burodin da ya saura mun bar wa Rifkatu. 'Ya'yan kaɗanya muka riƙa tsinta muna tsotsa. Zuwa yammacin Alhamis ƙafafuna suna rawa a kan feda, in na hau tudu sai in ga duhu-duhu a gefen ido, bakina yana ɗaci. Kwana ɗaya da rabi ke nan kacal. Ko a zuciyata ban iya kiran abin yunwa ba.

Ran Juma'a da hantsi muka koma. Ba kowa a gida, muka wuce gona. Gayya tana can. Maza sun kafce fiye da rabi, mata suna tsaye a gefe. Daga baya Rifkatu ta gaya mini ba wanda bai san tulun ya ƙare ba, tun da duk ƙauyen ya ji tabaryar nan. Amma ranar Saratu ce, sai suka zo, ba wanda ya tambaye ta me za a yafa. Ita kuma tana tsaye da ƙwaryarta a rufe da tsumma, da ɗan abin da ya rage a ciki.

Na jingine keke, na kwance ƙullin daga ƙirjina inda na ɗaure shi saboda ruwa, na ajiye a gabanta. Ya kusa mudu biyu. Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa tana rarrabewa: wata fara, wata ja-ja, wata mai duhu.

"Wannan ta mutanen gindin dutse ce," ta ce. "Wannan ta hayin rafi. Wannan mai saurin nuna ce, mutanen kwari ke da ita." Ta ɗago. "Har ina ka je?"

Na faɗa mata.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

"Me ka ce musu?"

"Na ce ni na cinye."

"Sunana fa?"

"Sun san ki, Gwaggo."

Ta rufe ido. Duk gonar ta yi tsit, ana jin numfashin masu garma. Na ɗauka za ta watsar da shi a ƙasa. Sai ta juya ta ce wa Rifkatu ta kawo yashi a gauraya, don ya isa gonar. Ta ɗaura ƙwarya a kugu ta shiga da kanta, tana yafawa hagu da dama. Ba ta sake dubana ba har muka tafi.

Ba mu je Kachia ba. Ranar muka kama hanyar gida. Ina shiga na faɗa wa Baba komai. Yana cire takalmin aiki, ya tsaya da ƙafa ɗaya a hannu. Mama ta fita bayan ɗaki. Washegari aka ɗaura mini garin rogo da wake a kariya. Maman Emeka ta kawo busasshen kifi da manja a kwalba, ta ce a ce daga baƙon nan ne. Daga ranar, kowace Asabar ina kan hanyar nan, har aka tura ni makaranta a kusa, na ci gaba daga can.

Gwaggo ta cika alkawarinta. Rifkatu ce take karɓar kayan. In na gaida Gwaggo, ta amsa wa bango. In na zauna, ta tashi ta tafi duba gona. Wata biyu da rabi ba ta kira sunana ba.

Yanzu akwai waya a kowane gida. Jiya ma na kira ƙauye, babbar 'yar Rifkatu ta ɗauka, ita ma ta yi jikoki. Na ce yaya ruwa, ta ce muna jiran Ubangiji. Na ce yaya gida, ta ce lafiya lau. Na ce, "Me kuka ci jiya da yamma?" Ta yi dariya ta ce mini, "Baba, ka fara." Na ce ina jira. Sai da ta lissafa mini.

A waccan shekarar, gonar Gwaggo ta fito kamar zanen da aka yi wa faci. Wani wuri dogo, wani gajere, wani ya yi ja wani yana kore shar. Masu wucewa sukan tsaya su yi dariya. Amma mai saurin nunar nan ta mutanen kwari ta nuna tun cikin Agusta, lokacin da ruwa yake zuba ba tsayawa kuma ba a samun ko doyar daji a kusa. Rifkatu ta riƙa bi da wuƙa tana yankan inda ya nuna, dami ɗaya yau, dami ɗaya jibi, suna shanyawa a kan dutsen madafa. Gidaje uku na maƙwabta sun ci daga ciki. Kafin ta ƙare, ta biyu ta nuna.

Asabar ɗin da aka gama yankan ta ƙarshe na iso a jiƙe sharkaf. Na sauke kaya, na gaida Gwaggo kamar kullum, na juya zan nemi Rifkatu.

"Danladi."

Na tsaya.

"Zauna."

Na zauna a kan turmi. Ta shiga madafa ta fito da kwano, tuwon sabuwar acha yana tururi, ta ajiye tsakaninmu. Ta jawo kujerarta 'yar tsugune ta zauna daf da ni, abin da ba ta taɓa yi da namiji ba a wurin cin abinci. Ta nuna mini tulun nan a lungun ɗaki, bakinsa a liƙe da sabuwar laka, da wani na biyu a gefensa.

Ta ce, "Na cire iri. Wannan na ci ne."

Na ce to. Ban motsa ba. Ta gutsura, ta tsoma a miya, ta kai baki. Na leƙa madafa, na ga Rifkatu da yaran a kan nasu kwanon, cike. Sai da Gwaggo ta haɗiye loma ta uku a gabana, sannan na jawo ruwan wanke hannu.